A Zaga da Mu Birnin Kano a Ƙasa, a Kuma Gaya Mana Gaskiya

Gabatarwa

Masu iya magana suka ce gani ya kori ji, kuma a ganina babu inda wannan magana ta fi zama daram kamar a fagen tarihin tsofaffin birane. A ƙasashe da dama akwai wata sana'a wadda mutum masani zai tara baƙi kamar goma ko goma sha biyar, ya shige musu gaba a ƙasa, unguwa-unguwa, lungu-lungu, yana tsayawa a duk inda wani abu ya taɓa faruwa yana ba su labarinsa. A birnin Belfas na Ailan ta Arewa, inda aka shafe kusan shekara 30 ana zubar da jini kafin sulhun 1998, har waɗanda suka yi zaman kurkuku saboda rikicin, daga ɓangarorin biyu, suna cikin masu yi wa baƙi jagora a titunan da aka yi faɗan. A nan gida kuwa, duk wanda ya je Badagry ya san yadda ake shiga da mutum kurkukun bayi na Seriki Abass, sa'annan a tsallaka da shi cikin kwalekwale zuwa Gberefu, ya taka hanyar da bayi suka taka har bakin teku.

Ra'ayin da nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, birnin Kano ya cancanci irin wannan zagaye mai tsari, a yi shi da Hausa, kuma a faɗi ɗacin tarihin tare da zaƙinsa. Ina wannan magana ne a matsayina na wanda ya koyi Hausa a aji bayan ya girma da wani harshen, kuma na san yawancin masu karanta wannan mujalla haka suke.

Abin da ƙafa take gani

Wanda ya ratsa cikin birni a mota, abin da zai gani bai wuce cunkoso da ƙura da 'yan adaidaita sahu ba. Wanda ya sauka ya taka, shi ne zai fara jin sunayen unguwanni, kuma a cikin sunayen nan tarihin yake kwance. Akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Agadasawa, kowace tana gaya maka daga inda mutanenta na farko suka fito. Akwai Ayagi, inda fataken Yarabawa suka zauna tun kafin zuwan Nasara. Akwai kuma Dandalin Turawa, wanda baƙo zai ɗauka na 'yan Ingila ne, alhali Larabawan arewacin Afirka ne suka zauna a wurin, domin su aka fara kira Turawa a ƙasar Hausa. Ɗalibin da yake nazarin yadda ma'anar kalma take sauyawa, ga darasinsa nan a bakin titi.

A safiya ɗaya mutum zai iya tashi daga Gidan Makama, ya wuce Ƙofar Kudu ta fadar Sarki da babban masallaci, ya kutsa kasuwar Kurmi, ya ƙare a kan Dutsen Dala. A cikin wannan 'yar tafiya ya taɓa kusan shekara 1,000. A Dala zai ji labarin Barbushe da Tsumburbura. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, kuma Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Wannan ɓangare kowa yana son faɗinsa, kuma ya dace a faɗe shi.

Ɓangaren da ake tsallakewa

A lokacin da ajinmu ya kai ziyarar karatu Kano, wanda ya yi mana jagora ya nuna mana marinar Ƙofar Mata, ya hau da mu Dala, ya ba mu labarin hawan sallah har muka ji kamar muna ganin dawakin. Amma da wata 'yar ajinmu ta ce masa, "Malam, ina labarin basasa?" sai ya yi murmushi ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya koya masa yadda ake faɗin irin wannan labari ga baƙi. Sai dai tambayar da ta tsaya mini ita ce: in babu yaƙi, me ya sa aka gina ganuwa? Garin da yake zaune lafiya ba ya tara dubban mutane su yi ta ɗora ƙasa kan ƙasa har tsawon ƙarnuka.

Ga kaɗan daga abin da ake tsallakewa. A ƙarni na 17 Kwararrafa sun sha kai wa Kano hari, har Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dadi sun shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya sun yi kisa a cikin gari. A farkon ƙarni na 19 masu jihadi suka kori Sarki Alwali, aka kashe shi a Burumburum a 1807, sarauta ta koma wani gida. A 1893, bayan rasuwar Sarki Bello, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su kuwa 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fice suka yi sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu. Wannan ita ce basasar Tukurawa da Yusufawa, yaƙin 'yan gida ɗaya. Yusufu ya rasu kafin a kai ga nasara, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Ba a cika shekara goma ba, ran 3 ga Fabrairun 1903, rundunar Kanar Morland ta fasa ta shigo birnin alhali Sarki Alu yana wajen Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma Alu aka kama shi aka kai shi zaman talala, ya rasu a Lakwaja a 1926.

Sai maganar bauta. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya bayyana rumfunan da ake sayar da bayi a kasuwar birni, maza daban mata daban. Sarautun fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na bayin sarki ne, kuma masu riƙe da su sun yi ƙarfin da wasu 'ya'yan sarauta ba su samu ba. Sai a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa. In har a Badagry ana iya nuna wa baƙo sarƙa da mari, ban ga dalilin da zai sa a bi ta Kurmi a nuna masa takalman fata da turare kawai ba.

Akwai kuma na baya-bayan nan, wanda ya shafi iyaye da kakannin wasunmu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, 'yan Kudu suka kwararo, aka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa. A watan Mayun 1953, bayan saɓanin da ya biyo bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai, da kuma rangadin da S. L. Akintola ya shirya kai wa Arewa, faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari har kwana huɗu. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu. Wannan faɗa yana cikin abin da ya sa aka kira taron London a wannan shekara, wanda ya haifar da tsarin mulkin tarayya na 1954. Ke nan siffar Nijeriya da muke ciki yau tana da alaƙa da abin da ya faru a waɗannan tituna. Bayansa ga kashe-kashen 1966, ga rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki, wanda hukuma ta ce ya ci rai 4,177.

Hujjar masu cewa a yi shiru

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Na farko, zuriyar Tukurawa da Yusufawa suna nan da ransu, haka zuriyar bayi da ta iyayengijinsu, kuma da yawa sun yi auratayya. Na biyu, Kano gari ne da kalma ɗaya ta taɓa tayar da ƙura. Na uku, akwai tsoron kada a mai da baƙin cikin mutane abin kallo da ɗaukar hoto.

Amsata ita ce, shirun da ake yi bai sa labarin ya mutu ba. Yana nan yana yawo a gidaje da tashoshin mota da wayoyin hannu, kuma kowane ɓangare rabinsa kawai yake riƙe da shi. Yaron da ya taso a Kudu ya ji an ce an kashe 'yan'uwansa a Kano, bai ji labarin Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu ba, bai kuma san akwai unguwar da kakanninsa suka zauna a cikin ganuwa tun kafin a san wata ƙasa wai ita Nijeriya ba. Yaron da ya taso a birni ya ji ihun da aka yi wa shugabannin Arewa a Ikko a 1953, amma mai yiwuwa bai taɓa jin abin da mutumin Sabon Gari ya gani ba. Rabin labari shi ne makamin mai zuga. Jagoran da ya san aikinsa zai tsayar da su biyun a wuri ɗaya su ji duka. Waiwaye adon tafiya ne.

Game da tsoron mai da abin kallo kuwa, wannan magana ce ta ladabi, kuma ladabi ana koyar da shi.

Yadda ya kamata a yi shi

Da farko, jagora ya riƙa rarrabewa tsakanin abin da aka rubuta, da abin da aka ji daga bakin tsofaffi, da abin da yake tarihihi. Labarin Tsumburbura da na shigowar Morland ba matsayinsu ɗaya ba, kuma ya kamata baƙo ya sani. Inda aka sami ruwaya biyu, a kawo su biyun.

Na biyu, a nemi izinin masu unguwanni da dattawa kafin a fara bi da baƙi ta ƙofar gidajen mutane. Birni wurin zaman jama'a ne, mata suna cikin gida, yara suna makarantar allo. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kuma wani kaso na kuɗin da baƙi suka biya ya tsaya a unguwar. Gidajen sarakunan ƙofa da marina da dukawa da maƙera suna riƙe da abin da babu shi a littafi, don haka a ba su dama su yi magana da bakinsu.

Na uku, a san ciwon da ya warke da wanda yake ɗanye. Basasar 1893 ana iya tsayawa a baje ta dalla-dalla. Harin da aka kai babban masallaci ran 28 ga Nuwambar 2014, wanda ya hallaka fiye da mutum 100, marayunsa suna nan suna sallah a wurin. Irin wannan a ambace shi a taƙaice, cikin nutsuwa, a wuce.

Na huɗu, a yi da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma duk wanda ya bi gefenta ya ga inda aka ɗebi ƙasarta, da inda aka gina shaguna, da inda ta zama juji. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi, aka gina wata a gurbinta. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su, abin farin ciki ƙwarai, sai dai hawa na 'yan kwanaki ne a shekara, ganuwa kuwa kullum take zaizayewa. Mutumin da yake samun abinci daga nuna wa baƙi ganuwa, shi ne zai fara ihu ranar da aka zo da tifa ɗibar ƙasarta.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Ruwansa da tsaki. Kalmomi irin su badala da kududdufi da karofi da zaure da bacucane mun haddace su don cin jarrabawa, amma wanda ya tsaya a bakin karofi ya shaƙi warin baba ba zai sake manta kalmar ba. Har ila yau, mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu muna da wata dama ta musamman: muna jin abin da tsoho Bakano yake faɗa, muna kuma iya mayar da shi cikin Yarabanci ko harshen Ibo ko Ingilishi ga wanda ya zo daga wajenmu, tare da sanin inda zai yi masa zafi. Kullum ana yi mana gorin me za mu yi da digirin Hausa. To ga aiki nan guda, wanda yake buƙatar harshe da tarihi da iya zama da mutane.

Kammalawa

Ina kira ga sashenmu da ya sa zagayen birni a ƙasa cikin shirin ziyarar karatu, a kuma ba kowane ɗalibi ƙofa ɗaya ko unguwa ɗaya ya bincika tarihinta kafin a tashi, ya yi bayani da Hausa in an isa wurin. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta tuntuɓi takwarorinta na jami'o'in Kano a tsara hanyar tare, su su kawo sanin gari, mu mu kawo tambayoyin baƙo. Abin da aka tara a rubuta shi cikin ɗan ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi domin 'yan aji ɗaya masu zuwa. In an gwada a Kano ya yi kyau, ga Zariya da Katsina da Lakwaja suna jira. Allah ya sa mu dace.