Aiki Da Godiya

Kowace safiya in an tambaye mu, "Ina aiki?" sai mu ce, "Da godiya." Baki ya saba da kalmar har ba ya jiran zuciya. Mukan faɗe ta, mu juya nan take mu shiga gunaguni a kan tsadar taki da kuɗin makaranta.

Kwanan baya mun karanta wa 'yan aji huɗu labarin kutare goma a Luka sura 17. Duka goman sun warke, amma ɗaya kaɗai ya komo ya gode wa Yesu, shi kuwa Basamariye ne. Yaran suka yi ta zagin taran nan. Sai muka tambaye su, "Wa ya gode wa uwarsa saboda tuwon daren jiya?" Aji ya yi tsit. Mu ma malamai, da an juyo mana tambayar, da mun sunkuyar da kai.

Wani zai ce, "Malam, zamani ya yi tsanani, da me za mu gode?" To, ku ji labarin Fasto Martin Rinkart na garin Eilenburg a Jamus. Ya yi aikinsa cikin yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648. A 1637 annoba ta faɗa wa garin, har ya zama shi kaɗai ne faston da ya rage. Wata rana yakan binne mutum 40 ko 50. A shekarar nan ya binne fiye da 4,000, matarsa ma tana cikin waɗanda suka mutu. Cikin shekarun yaƙin nan ne ya rubuta wata 'yar addu'ar godiya don lokacin cin abinci, wadda ta zama waƙar da ekklisiyoyi ke rerawa har yau. Bai jira rumbu ya cika ba. Mu kuwa mun ajiye godiya sai ranar Lahadin godiyar kaka, sa'ad da ake shigo da dammunan dawa, kowa yana satar kallon na maƙwabcinsa.

Saboda haka muka ba yaran aikin gida: kowa ya gode wa mutum ɗaya a gidansu, ya kuma faɗi abin da ya sa. Kashegari wata yarinya ta ce ta gode wa uwarta saboda ruwan da take ɗebowa daga rijiya tun da asuba. Uwar ta ajiye tulu, ta dube ta, ta ce, "Ke, me kika fasa?"