Ƙaryar da ta shiga kunne, gaskiyar da ta kwana waje

A watan Maris na 1271 Sarkin Masar Baibars ya kafa sansani a gindin Hisnul Akrad, ganuwar dutsen nan da ke kan tudu yamma da Homs a Siriya. Salahuddin ya taɓa zuwa ya dube ta a 1188, ya ga ba ta ciyuwa, ya wuce. Baibars ya zauna. Ya sa aka yi ta ruwan duwatsu, mahaƙa suka bi ta ƙarƙashin wata hasumiya har ta rufta, mayaƙan Salibi suka ja da baya zuwa ganuwar ciki, wadda ta fi ta waje ƙarfi.

Daga nan sai wasiƙa ta iso musu, wai daga shugabanninsu da ke Tarabulus, tana ba su izinin miƙa wuya. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa a sansanin Baibars aka ƙirƙire ta. Ranar 8 ga Afrilu suka buɗe ƙofa, aka bar su suka fice da ransu.

Ana yawan kawo wannan labari don yabon wayon Baibars, kuma ya cancanta: shi ne ya shimfiɗa gidan wayar dawakai da ke kai saƙo daga Alƙahira zuwa Dimashƙa cikin kwana 4, ga tantabaru, ga 'yan rahoto har cikin ƙasar Mongol. Amma ni hankalina na kan waɗanda suka karɓi takardar. Mutanen da suka kwashe fiye da wata a kewaye, ba gudummawa, ba alamar ta, me zai sa su tsaya ƙwanƙwance hatimi? Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Haka aka yi wa Hitler. Ranar 30 ga Afrilun 1943 wani jirgin yaƙin Ingila mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya saki gawa kusa da gaɓar Huelva a Sifen. Gawar wani talaka ne ɗan yankin Wales da ya mutu a Landan, aka sa masa kakin soja, aka raɗa masa Manjo William Martin. A aljihunsa akwai hoton budurwa, rasidin zoben alkawari, har da takardar banki mai tuna masa bashi. A jakar da aka ɗaure masa kuwa, wasiƙun manyan hafsoshi ne masu nuna cewa Girka da Sardiniya za a afka wa, Sisili ɓad da sawu ce. Jami'an Sifen suka bari Jamusawa suka ɗauki hoton takardun. Hitler, wanda dama fargabar yankin Balkan da man fetur ɗin Romaniya ta hana shi sakat, ya tura rundunar tankoki daga Faransa zuwa Girka. Ranar 10 ga Yuli sojojin ƙawance suka sauka a Sisili.

Na yaba da rasidin zoben nan, wanda ya yi tunaninsa gwani ne. Sai dai ko ba shi, ina kyautata zaton takardun za su shiga, domin sun faɗa wa mutumin abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa.

Shi ya sa nake ɗaga gira duk lokacin da aka kai wani hari a duniya, washegari a ce jami'an leƙen asiri sun gaza. Wani lokaci sun gaza ɗin. Sau da yawa kuwa rahoton yana kan tebur.

Dubi Stalin a 1941. Ɗan leƙen asirinsa Richard Sorge ya aiko da gargaɗin cewa Hitler zai kawo masa hari, daga Tokiyo, inda ya shige ofishin jakadancin Jamus da sunan ɗan jarida. Churchill ya aiko da nasa a watan Afrilu. Wata majiya a ma'aikatar sojan saman Jamus ta ce an gama shiri, Stalin ya rubuta ashariya a gefen takardar, ya ce mutumin mayaudari ne. Ana gobe hari wani sojan Jamus ya tsallako iyaka ya faɗi abin da ke tafe. Amma Stalin ya riga ya yanke cewa yarjejeniyarsa da Hitler ta 1939 za ta riƙe, kuma Ingila ce ke neman haɗa shi faɗa. A fadar da musu ke kai mutum kabari, na kusa da shi sun koyi tauna rahoto kafin su miƙa.

Da asubar 22 ga Yuni sojojin Hitler fiye da miliyan 3 suka keto iyaka. Bayan wata guda aka harbe Janar Pavlov, kwamandan fagen yamma, bisa laifin sakaci. Japan ta rataye Sorge a 1944, kuma sai a 1964 Mosko ta amsa cewa nata ne.