Kayen Zuciya

Yara, a jakar kowannenku akwai kayen lissafi, da na Hausa, da na Faransanci. Dukansu malam yana karɓa, ya duba, ya gyara da jan bik. Ni a ganina akwai kaye guda da ya rage. Shi ne wanda malam ba ya dubawa, ba ya ba shi maki. A cikinsa yaro yake rubuta abin da ke ransa. Mu kira shi kayen zuciya.

Ku dubi garinmu Tajaye, da sauran garuruwan Illela, Malbaza da Kwanni. Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai maza su kama hanyar biɗa. Wasu su nufi Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Wani ya dawo da faɗuwar ruwa, wani sai ya shekara biyu ko uku. Yaron da aka bari gida yana kewar ubansa, amma kunya ta hana shi faɗi. Wata yarinya kakarta da ta goye ta ce ta rasu. An ce ta yi haƙuri, ta yi shiru. Wani kuma dariya aka yi masa a aji, ya haɗiye.

Abin da aka haɗiye ba ya ɓacewa. Yakan fito ta wata ƙofa: faɗa a filin wasa, ciwon kai, rashin barci, ƙin zuwa lakwal. Yaro ya mari abokinsa a kan ƙwallo, alhali ba ƙwallon ba ce ta dame shi. Shi kansa bai san abin da ya dame shi ba.

To, a ce yaron nan ya ɗauki bik ya rubuta: "Yau na ji haushin abokina." Sai ya tambayi kansa, don me? Ya rubuta: "Ya zo da sababbin takalma da ubansa ya aiko masa." Ya sake tambaya, ya rubuta: "Ni babana bai kira mu ba tun salla." Kun gani? Da haushi ya fara, amma a ƙarƙashin haushin tsoro ne: kada baba ya manta da shi. Kamar haƙar rijiya ne, sai an wuce yashi ake tarar da ruwa. Ciwon da aka san sunansa kuwa ya fi sauƙin magani.

Zuba baƙin ciki a takarda ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Shehu Usman ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, nan kusa da mu, a 1754. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Fulatanci, da Hausa, da Larabci. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta rubuta waƙar ta'aziyya. Haka ta yi da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu. Malama ce mai tawakkali, amma ba ta ɓoye zafin rashi ba. Ita ta rubuta ne jama'a su ji. Ku kuwa don kanku za ku rubuta.

Masana ma sun gwada abin. A wani bincike da aka buga a 1986, a Amurka, wani malamin jami'a, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15, kwana 4 a jere. Wasu sun rubuta abubuwan banza, kamar siffar ɗakinsu. Wasu sun rubuta wani abin da ya taɓa ƙona musu rai, da yadda suka ji. Waɗannan na biyu, da suka aje alƙalami ransu ya yi nauyi. Amma a watannin da suka biyo, ba su je wurin likita kamar na farkon ba.

Wani zai ce, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, ba kowace magana ake kai wa kasuwa ba. Amma kaye ba kasuwa ba ne: ba ya tsegumi, ba ya dariya. Wani zai ce haƙuri ya isa. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma wanda ya san abin da yake haƙuri a kai ya fi iya daurewa. Sai dai akwai tsoro guda na gaske: kada wani ya buɗe ya karanta. Saboda haka mu malamai da iyaye, mu ɗauki alkawari ba za mu buɗe kayen yaro ba sai da yardarsa.

Da wane harshe za ku rubuta? Da wanda kuke kuka da shi. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, aka fara koya wa yaran Nijar karatu da harshen gida. Wannan babbar riba ce. Mai Hausa ya rubuta da Hausa, mai Tamajak da Tamajak. A nan babu kuskuren rubutu.

Tsohon kaye mai sauran takardu ya isa. Ku sami wuri shiru, ku sa kwanan wata, ku amsa tambaya uku: Me ya faru? Me na ji? Don me na ji haka? Ku rubuta abin daɗi ma, ba na baƙin ciki kaɗai ba. In rubutun ya yi muku nauyi, ku aje sai gobe.

Amma ku riƙe wannan da kyau: takarda tana saurare, ba ta tsare mutum. In wani yana cutar ku, ko ana shirin cire ku daga makaranta a yi muku aure, ko baƙin ciki ya hana ku ci da barci, kada ku bar shi a kaye. Ku gaya wa inna, ko kawu, ko malam. In baki ya yi nauyi, ku buɗe shafin ku miƙa musu su karanta.