Kafin a sauya bututun bindigar farauta

A Amurka har yanzu maharba da yawa suna farauta da bindigar da ake durawa ta baki, 'yar uwar tamu ta toka. Wasu kan sauya bututu daga .45 zuwa .50 ko .54 saboda doka: a jihar Colorado ba a harbin babbar barewar nan, elk, da abin da bai kai .50 ba.

Ni dai a ganina sauyawar ba laifi ba ce, amma ka sayi bututun da aka ƙera wa bindigar tun daga kamfani, irin na Thompson/Center Encore. Faɗaɗa ramin tsohon bututu yana rage kaurin ƙarfe. Albarushi na tashi, sai ya iya tarwatsewa a fuskarka. Nama akwai a kasuwa, ido fa?