Tsayuwa Kafin Tsalle

Wanda ya saurari muhawarar matasan Kasuwar Kurmi washegarin wasan Kano Pillars zai ji cewa golan da ake yabo shi ne wanda ya tashi sama ya ture ƙwallo. A ganina, yawan irin wannan tsalle sau da dama shaida ce cewa ƙwallo ta riski gola a inda bai kamata ya tsaya ba.

Mu dubi hokin ƙanƙara, wasan da Kanada ta yi fice a kansa. Faɗin ragarsa ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, faifan robar da ake bugawa kuwa yakan wuce gudun kilomita 150 a awa. Idan daga kusa aka buga, hannu ba ya cim masa. Shi ya sa ake koya wa gola ya tsaya a kan layin da ya haɗa faifan da tsakiyar raga, ya ɗan fito gaba domin ya rage wa mai bugu sarari, ya riƙa satar kallon gefe yana lura da wanda za a iya miƙa wa.

Ragar ƙwallon ƙafa tana da faɗin ƙafa 24 da tsayin ƙafa 8, ta ninka waccan sau takwas. Kuskuren taki ɗaya a bakinta ya isa a sha kashi. Duk da haka, a filayen unguwanninmu yaron da ya kasa buga gaba shi ake turawa gida, babu mai nuna masa wurin tsayawa.

Ya kamata masu kulob-kulob na unguwa su ware wa gololinsu mai horarwa na musamman. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.