Wa Ke Zaɓa wa Ɗan Wasa Gari?

Sharhinmu na yau ya leƙa Kanada da Amurka ne, inda ƙwallon gora na kan ƙanƙara ke tara jama'a, musamman a babbar gasar NHL mai ƙungiyoyi 32.

Mai bin ƙwallon ƙafar Turai ya saba da cewa tun bayan hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya kama gabansa. A NHL ba haka abin yake ba. Yaro na cika shekara 18 sai a saka sunansa cikin zaɓen sababbin 'yan wasa, ƙungiyoyin da suka kasa taɓuka komai a kakar da ta wuce su ne ke fara ɗauka. Wadda ta ɗauke shi ita ke da iko da shi. Ba zai sami cikakken 'yancin zaɓar inda zai yi aiki ba sai ya kai shekara 27, ko ya yi kaka bakwai a gasar. Kafin nan kuwa, da waya ɗaya ana iya musanya shi cikin dare, gari na wayewa ya hau jirgi, ya bar matarsa da ɗaure kaya.

Masu ƙungiyoyi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: in aka saki kowa, ƙananan garuruwa masu tsananin sanyi za su rasa gwanaye. Amma fa wanda ya fi kowa ƙanƙanta a cinikin shi aka ɗora wa kayan. A 1957 Ted Lindsay, tauraron Detroit Red Wings, ya yi yunƙurin kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa. Ladan da ya samu shi ne aka tura shi Chicago, wadda ke ƙarshen teburi a lokacin.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Eric Lindros. A 1991 ya faɗa wa Quebec Nordiques ƙarara cewa kada su ɗauke shi, ba zai buga musu ba. Suka yi kunnen uwar shegu suka ɗauke shi na farko. Yaro ya ƙi saka rigarsu, ya yi shekara guda cur a wajen gasar, aka yi ta kiransa mai girman kai. A 1992 Quebec ta yi cinikinsa da ƙungiyoyi biyu a rana ɗaya, Philadelphia da New York Rangers, kamar dillalin da ya karɓi kafin alƙalami wurin mutum biyu. Sai da mai sasanci ya shiga tsakani ya ba Philadelphia. Abin da Quebec ta karɓa kuwa: 'yan wasa shida, da damar zaɓe biyu a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, da dala miliyan 15. Duk wannan a kan wanda bai taɓa buga musu ko minti ɗaya ba.

To, ina ƙaramin garin da aka ce ana kare wa mutunci? A 1995 aka sayar da ƙungiyar Quebec ɗin, ta tattara nata ya nata ta koma Denver a Amurka, ta zama Colorado Avalanche. Shekara na zagayowa ta ɗauki kofin gasar, wato kofin Stanley, mutanen Quebec suna kallo a talabijin.