Ra'ayinmu: A san wanda za a ba amanar rai kafin a shiga ruwa

Duk damina, idan ƙoramun Majiya da na Tarka suka kawo, 'yan kasuwar Madawa, Buza da Keita kan tsaya a bakin ruwa da kaya a ka, suna neman mai fito. Nan ne samari ke fitowa, wani da kwale-kwale, wani da ƙarfin kafaɗa kawai, kowa na cewa shi gwani ne. Mu kuwa, don kada kasuwa ta watse, sai mu bi wanda ya fi araha.

Wannan ganganci ne. A watan Agustan 2025, jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 50 da za su ci kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato ya kife. A ƙarshen Nuwamban 2021, aƙalla mutum 29, galibinsu yara, suka rasu a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, cikin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

A Masar, baƙon da ya je hutu Bahar Maliya don nutso a ƙarƙashin teku ba ya shiga ruwa sai ya ga lasisin cibiyar, ya duba tukunyar iskar da za a goya masa, ya san wa zai cece shi in abu ya ɓaci. Mai yawon shaƙatawa ke nan. To, ina ga uwar da ke neman abincin 'ya'yanta?

Don haka muke kira ga iyayenmu mata da 'yan kasuwa: ku tambayi mutanen gari ko sun san mai fiton. Ku dubi jirgin. In ana kwalfe ruwa tun yana gaɓa, kada ku shiga. Ku ƙirga mutane da buhuna. In ya cika, ku jira sahu na biyu. Kada ku ƙetare da dare. Direban da ya ce zai kutsa ƙorama da mota, ku sauka ku bar masa. Ruwan ƙorama kan janye cikin 'yan sa'o'i, kuma sauri ya haifi nawa.

Su kuma magadan gari da sarakunanmu, ya kamata su yi rajistar masu fito, su ƙayyade lodi, su samar da rigunan ceto a kowace mashigar ruwa. Kasuwar da ta wuce mako mai zuwa za ta sake ci. Rai kuwa ba a sayo shi a Tamaske.